Kumatun Aro

Shekara talatin da ɗoriya Mai Hoto ya yi a shagonsa na bakin titi, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da taya, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa samun macen da ta fita daga hannunsa da rama ba. Ta dai shigo yadda Allah ya yi ta, ko da iska na kaɗa ta. Amma in ta dawo bayan kwana biyu karɓar hotonta, za ta tarar ta yi kumatu, wuya ya cika, damtse ya murje. A da can da ɗan burushi da fensir yake wannan aiki, yana lanƙwashe a kan tebur har bayansa ya ƙage. Da kwamfuta ta zo, sai abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Ba wadda ta taɓa kawo ƙorafi. Iyakaci mace ta riƙe hoton da nisa, ta karkata kai, ta ce, "Anya Mai Hoto, ni ce wannan kuwa?"

Shi kuma ya ce, "Ke ce mana, ranar da hankalinki ya kwanta."

A wurinsa wannan ba ha'inci ba ne, ladabi ne. Yakan ce kyamara ba ta da kunya, abin da ta gani shi take faɗa, don haka dole a samu mai hankali a bayanta.

To, babban ɗansa, wanda kowa ke kira Injiniya tun kafin ya gama makaranta, ya tafi aiki wata ƙasa mai nisa, irin wadda sai an hau jirgi biyu kafin a kai. Bayan shekara huɗu ya dawo da akwati uku da mata. Malamar asibiti ce, mai fara'a, mai saurin tafiya, Hausarta a wurin miji ta koya, tana yi tana tuntuɓe amma ba ta fasawa. Gida aka sa mata Amarya, sunan ya bi ta har wurin aiki. Aibinta ɗaya ne a idon gidan: siririya ce kamar tsinken tsintsiya.

Ranar da Uwargida, matar Mai Hoto, ta fara ganinta, sai da ta ja mijinta bayan ƙofa ta ce, "Malam, anya a garinsu ana ɗora tukunya?"

Mahaifiyar Amarya ba ta so auren ba. Ita kaɗai gare ta, ga nisa. Da ƙyar ta yarda, da sharaɗin duk ranar da ta ga alamar 'yarta na shan wahala, da ƙafarta za ta zo ta tafi da abarta. Injiniya da dariya ya ba iyayensa wannan labari. Mai Hoto bai yi dariya ba. 'Ya'yansa huɗu duk maza ne, garada masu cinye abinci su bar kwano a inda suka zauna, bai taɓa sanin daɗin 'ya mace ba sai yanzu da tsufa. Cikin wata biyar yarinyar nan ta shiga ransa. Ita ke auna masa hawan jini, ita ke ɓoye masa gishiri, ita kaɗai ce a gidan ke zama ta saurari tarihin kyamarorinsa har ƙarshe ba ta yi hamma ba. Ba ya son ta tafi, ko da wasa.

Wata Talata da safe ta faɗo shagon cikin fararen kayan aiki, jaka a kafaɗa.

"Baba, hoto nake so. Mama ta ce ta gaji da na waya, tana son na gaske, wanda za ta rataye a falo."

"Kin zo gidan hoto, 'yata. Zauna a kujerar can. Ɗago haɓa kaɗan. Yi murmushi, ba allura za ki yi wa kowa ba."

Ta yi dariya, ya danna. Ta rubuta masa lambar mahaifiyarta a bayan wata ambulan.

"In ka gama ka tura mata ta wannan lambar, za ta wanke a can. Ni na makara."

Ta fice. Mai Hoto ya gyara tabarau, ya buɗe hoton a kwamfuta, ya ƙara masa girma. Nan gabansa ya faɗi. Ga ƙasusuwan wuya sun fito fili, ramin da ke tsakaninsu zai ɗauki ruwa cokali biyu. Ga kumatu a shafe. Ga hannu, agogon ma ya rasa inda zai tsaya. Ya ce a ransa, wace uwa ce za ta ga wannan ta zauna lafiya? Ai cewa za ta yi mun karɓi 'yar mutane muna ba ta ruwa da iska. Ya tuna sharaɗin nan, sai ya naɗe hannun riga.

Awa biyu ya yi a kai. Ya cike ramin wuya, ya zana wa wuyan layi biyu masu kyau irin na masu hutu. Ya ɗora kumatu, ya duba, ya ga kamar ya yi rowa, ya ƙara. Ya murje damtse, ya cika yatsu har zobe ya zauna daram. Da ya ja kujera baya ya kalli aikinsa, sai ya ga saura abu ɗaya. Haƙoranta farare ne, jere reras, amma a manne suke, ba ko 'yar ƙofa. Sai ya buɗe mata wushirya siririya a tsakiyar na sama. Wannan ba kowa yake yi wa ba. A shekara talatin matan da ya ba wushirya ba su kai goma ba, kuma duk sai da suka roƙa.

Kafin azahar ya tura. Ya aika aka sayo masa shayi mai madara, ya sha yana kaɗa ƙafa.

La'asar ba ta yi ba motar Injiniya ta tsaya a ƙofar shago, taya ɗaya a kan dakali. Ya shigo, Amarya na biye da shi riƙe da waya.

"Baba, me ka tura wa surukata?"

"Hoto."

"Hoton wa?"

"Na matarka mana. Kana da wata ne ban sani ba?"

Amarya ta miƙo wayar. Idonta ya yi ja, amma bakinta na rawa kamar mai danne dariya.

"Baba, tun azahar Mama take kuka. Ta ce na kumbura. Ta ce ciwon ƙoda ne ake ɓoye mata. Ta ce kuma wa ya fasa mini haƙori."

"Fasawa? Wushirya ce fa, 'yata. Ado ne."

"Mun kira ta ta bidiyo," in ji Injiniya. "Ta ga fuskarta, ta sa ta buɗe baki, ta sa ta juya. Ta ce tsakanin hoton da bidiyon dole ɗaya ƙarya ne, kuma ita ba ta san wanne ba. Ta riga ta sayi tikiti. Ranar Lahadi za ta sauka."

Mai Hoto ya nemi kujera ya zauna.

"Ai ko ta zo, in ta gan ki lafiya shi ke nan," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Amarya ta girgiza kai. "Ba ka san Mama ba, Baba. In ta ce in tashi mu tafi, ban san yadda zan yi ba. Sau ɗaya na taɓa ce mata a'a a rayuwata, kuma a kan auren nan na kashe shi."

Da yamma aka zauna a falo. Uwargida ta ce a ba ta wayar ta ga abin da ya tayar da ƙura. Ta riƙe da nisa, ta daɗe tana kallo.

"Tubarkalla. Malam, hannunka bai tsufa ba."

"Inna, har da ke?" in ji Injiniya.

"To ƙarya zan yi? Dubi wuya. Dubi kumatu. Wannan ai ita ce matar injiniya."

Sai Amarya ta gyara zama ta yi musu bayani a hankali, tana laluben kalmomi. Ta ce a wurinsu yarinya takan ƙi cin abincin yamma don kada ta yi kumatu. Ta ce ƙasusuwan wuyan nan da Baba ya binne, tela har yanka wuyan riga yake yi musamman don su fito a gani.

"Ƙashi?" Uwargida ta dafe ƙirji. "Ƙashi ake nunawa? Ikon Allah, mu nan miya ake yi da shi."

"Kuma Inna, a can in kika ce wa mace ta yi ƙiba, kamar kin zage ta ne."

Nan Uwargida ta tuna. Wata biyar ke nan kullum da safe in Amarya ta zo gaishe ta sai ta ce mata, madalla, kin fara ƙiba.

"Shi ya sa kullum in na isa asibiti nake fara hawa sikeli," in ji Amarya.

"Ni kuwa ƙarya nake miki don in faranta miki rai. Ko ɗigo ba ki ƙara ba, 'yar nan."

Aka kwashe da dariya, har Injiniya da ya shigo da fushi. Mai Hoto ne kaɗai bai taya su ba. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kuma ya san da hannunsa ya jawo.

Kwana huɗu abinci ba ya wuce masa. Ranar Asabar mai gyaran agogo ya leƙo shagon, gilashinsa na ido ɗaya a goshi, ya dube shi sama da ƙasa.

"Maƙwabci, ka rame fa. Zauna in ɗauke ka, sai ka ƙara wa kanka."

"Je ka ji da agogunanka, ko ɗaya babu mai faɗin gaskiya a cikinsu."

Ranar Lahadi baƙuwa ta sauka. Injiniya ne ya kawo rahoto gida: tun a filin jirgi ta kama fuskar 'yarta da hannu biyu, ta danna mata ƙafa da yatsa ta ga ko zai lotsa, ta sa ta buɗe baki a gaban jama'a. Ba ta samu komai ba. Amma ba ta saki fuska ba. Ta ce gidan da ake canja wa 'yarta fuska ba da saninta ba, ita ba ta san me kuma ake canjawa ba. Ta ce sai ta ga mutumin da ya yi wannan aiki, a inda ya yi shi.

Litinin da hantsi suka zo shagon. Mai Hoto ya share ko'ina sau biyu, ya sa babbar riga kamar mai zuwa kotu. Uwargida ta ce ba za a yi ba ita ba, ta ci ado ta zo ta cika kujerar masu jira.

Maman Amarya 'yar ƙaramar mace ce, ta fi 'yarta sirantaka, da tabarau da laima a naɗe, ga jaka ta rungume a ƙirji. Uwargida na ganinta ta matso kusa da mijinta ta ce a hankali, "Ashe gado ne, Malam. Mun ɗauki alhakin tukunyarsu."

Aka gaisa, Amarya na tsakiya tana tafinta. Baƙuwar ba ta zauna ba. Ta bi bangon shagon tana kallon hotunan da ke jere: amare, malamai, 'yan kasuwa, kowace da kumatunta cike. Ta yi magana a taƙaice.

"Ta ce duk matan garin nan 'yan gida ɗaya ne?"

"A'a," in ji Mai Hoto. "Hannu ɗaya ne dai ya bi ta kansu."

Baƙuwar ta juyo ta dube shi ta saman tabarau, ta yi wata tambayar.

"Ta ce me ya sa ka yi mini haka. Ta ce fuskata ba ta yi maka ba ne?"

Mai Hoto ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar. Duk jawabin da ya kwana shida yana shiryawa ya gudu.

"Gaya mata, 'yata, fuskarki ba ta da laifi. Ni ne na ji tsoro. A wurinmu in aka ba ka 'yar mutane, a jikinta ake duba amanarka. In ta yi kumatu, a ce ka riƙe ta da kyau. In ta rame, ko ba a faɗa ba an zage ka. Na ga wuyanki a kwamfuta, na ce in uwarki ta ga wannan za ta ce ba ma ba ki abinci, ta zo ta ɗauke ki. Ni kuma ba na son a ɗauke ki. Iyakar gaskiyata ke nan."

Amarya ta fassara. Baƙuwar ta saurara ba ta motsa ba. Sannan ta ɗaga yatsa ta nuna haƙoranta na gaba.

"Ta ce to haƙorin fa? Shi ma alamar ƙoshi ne?"

"Wannan kyauta ce. Wushirya ba kowa Allah ke ba wa ba. Mace mai wushirya in ta yi murmushi, magana ta ƙare." Ya waiwaya wurin Uwargida. "Ke, nuna mata."

"Kai Malam, a gaban baƙi?" in ji Uwargida, amma ta riga ta yi murmushin. Tata wushiryar ta gaske ce, shekara sittin tana nan inda take.

"Kin ga wannan? Saboda ita na yi wata bakwai ina zarya a ƙofar gidansu, ina cewa hoton da na ɗauke ta ya ƙone, sai an sake."

Amarya ta fassara tana dariya. Baƙuwar ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon bakin Uwargida, har Uwargida ta tsargu ta rufe. Sai ta zauna a kan kujerar ɗaukar hoto, ta buɗe jakarta, ta zaro wani ɗan tsohon hoto da gefensa ya lanƙwashe, ta miƙa wa Mai Hoto.

Yarinya ce 'yar shekara tara cikin kayan makaranta, ta washe baki iya ƙarfinta. A tsakiyar haƙoranta na sama ga wushirya nan, siririya, daidai inda Mai Hoto ya buɗe tasa.

"Ni ce," in ji Amarya. "Na ma manta da hoton nan."

Uwargida ta karɓa ta duba, ta dubi bakin Amarya, ta sake duba hoton.

"To ina take? Ina kuka kai ta?"

"An rufe, Inna. Likitan haƙori ya sa mini waya, shekara biyu ina fama. A can yara tsokanata suke yi a makaranta."

Uwargida ta yi salati ta tafa hannu. "Allah ya ba ku wushirya har gida, kuka ɗauke ta kuka kai wa likita ya toshe. Malam, ka ji fa. Mu nan akwai wadda ta je a buɗe mata da ƙarfe, haƙorin ya mutu."

Amarya ta mayar wa mahaifiyarta da wannan, kalma bayan kalma. Baƙuwar ta rufe baki da hannu. Kafaɗunta suka fara rawa. Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda mutum ya daɗe yana riƙewa, har ta cire tabarau tana share ido. Uwargida ta taya ta, kujera na ƙara a ƙarƙashinta. Mai gyaran agogo ya leƙo ya ga ko lafiya, Injiniya ya tura shi waje.

Da dariyar ta lafa, baƙuwar ta yi magana mai tsawo, a hankali, tana kallon ɗan tsohon hoton. Amarya ta juyo.

"Ta ce kumburin ne ya ba ta tsoro, amma ba shi ya sa ta kuka ba. Ta ce da ta ga haƙorin, sai ta ga yarinyarta ta da, wadda take dariya da baki buɗe. Ta ce tun da aka sa mini waya na koyi rufe baki in zan yi dariya, kuma ita ce ta kai ni. Shekara ashirin ba ta ga wannan fuskar ba, sai ga wani tsoho a wata ƙasa ya aiko mata da ita."

Mai Hoto ya shiga goge gilashin kyamarar da ba ta da ƙura.

Baƙuwar ta miƙe, ta zagaya bayan tebur, ta tsaya a gaban kwamfuta ta yi masa nuni ya buɗe aikin nasa. Ya buɗe. Ta nuna kumatun da bakin laima, ta nuna wuya, ta nuna damtse, tana magana kamar mai ba tela umarni.

"Ta ce kumatun nan ka kwashe abinka, Baba. Da wuyan, da hannun, duk ka mayar yadda ka same su." Amarya ta saurara. "Amma ta ce wushiryar ka bar mata."

Ya zauna ya kama aiki, mata uku na tsaye a kansa. Abin da ya ɗauke shi awa biyu, cikin minti biyar ya rushe. Uwargida na ganin kumatun na zaizayewa ta kau da kai ta ce ita ba za ta iya kallon ɓarna ba. Ƙasusuwan wuya suka dawo, agogo ya koma yana lilo a hannu. Sai ga Amarya sak, siririya yadda take, tana murmushi da 'yar ƙofa a haƙoranta.

Injin wanke hoto ya yi ƙugi ya turo hoton. Baƙuwar ta karɓa da hannu biyu tun yana da ɗumi, ta ɗora shi kusa da tsohon, ta daɗe a haka. Sannan ta ɗaga yatsu biyu.

"Guda biyu take so?" Mai Hoto ya tambaya.

"E, Baba. Ɗaya za ta tafi da shi." Amarya ta sa bayan hannu ta share ido, wannan karon ba ta rufe baki ba. "Ɗayan ta ce ka nemi wuri a bangon nan ka rataye, tunda a nan yarinyar take da zama."